Kafson kattan da ake sayarwa don sankarar mafitsara: duba ga wani kanti da hajarsa a Gombe

Kantunan magungunan Musulunci da ke cikin garin Gombe sun ƙara wata haja a kan waɗanda muka saba gani a kantocinsu, wato habbatus sauda da hulba da man zaitun da zuma. Hajar ita ce bizrul kattan, wanda kamfanonin waje ke rubuta wa Flaxseed a jikin kwalba. Abin da ya jawo masa kasuwa shi ne labarin da ake yaɗawa a WhatsApp da Facebook cewa yana maganin sankarar mafitsara ta maza, kansar nan da ke kama furostet, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara wanda hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Baffana, wanda ya haura shekara 60, ya daɗe yana fama da yawan tashi fitsari cikin dare, kuma da wani abokin zamansa ya kawo masa wannan labari sai ya aike ni in nemo masa. Wannan rubutu bayani ne kan kantin da na saya, da abin da na tarar a cikin kwalaben, da kuma yadda suka yi nisa da abin da masu bincike suka gwada.

Kantin yana kan ɗaya daga cikin titunan da ke kaiwa babbar kasuwa, kuma ta fuskar tsari ba ni da abin kushewa da yawa. Wurin a share yake, an jera kaya bisa jinsinsu, an manna farashi a jikin mafi yawansu, ana karɓar kuɗi ta POS ko ta tura wa asusu, kuma suna ba da rasit idan mutum ya nema. Mai kantin dattijo ne mai fara'a wanda ya san zuma da mayukan shafawa sani na haƙiƙa, yana kuma da haƙurin sauraron mai saye har ya gama bayaninsa. Abu ɗaya da ya fara damuna tun daga bakin ƙofa shi ne kantar da aka jera kwalaben kattan tana jikin tagar gilas da rana ke duka da yamma. Man kattan na daga cikin mayukan da suka fi saurin lalacewa idan zafi da haske suka same su, kuma duk wanda ya san Gombe a watannin Maris da Afrilu ya san abin da ranar yamma za ta yi wa kwalbar da ta yi makonni a wannan wuri.

Kattan iri uku ake sayarwa a kantin. Akwai kafso mai ruwan zinariya, mai taushi, a cikin babbar kwalbar roba da aka shigo da ita daga waje, wanda shi ne yaron kantin ya fara miƙo mini da na ambaci matsalar fitsari. Akwai wata ƙaramar kwalba da ta fi tsada, wadda aka rubuta cewa tataccen sinadarin kattan ne a cikinta. Sai kuma 'ya'yan kattan ɗin kansu, masu sheƙi, launin ƙasa-ƙasa, waɗanda suka ɗan fi riɗi girma, ana aunawa daga wani bokiti mai murfi da ke can ƙasan kanta. Kuɗin babbar kwalba ɗaya zai sayi 'ya'yan da za su ishi mutum watanni, amma ba wanda ya nuna mini bokitin sai da na tambaya da bakina.

Kafin a yanke wa waɗannan ukun hukunci, ya kamata a san abin da ke cikin kattan da ya sa likitoci suka waiwaye shi tun farko. Tsiro ne da ɗan Adam ya daɗe yana nomawa don zarensa da mansa, kuma a yau ƙasashen Kanada da Rasha da Kazakistan ne kan gaba wajen nomansa, yayin da a nahiyarmu mutanen Habasha suke noma shi suna yin abin sha da shi. Abubuwa uku ne suka fito da shi. Na farko mai ne da ake kira ALA, daga dangin omega-3. Na biyu harza ce mai yawa da ke taimaka wa hanji. Na uku kuma, wanda shi ne ya shafi zancenmu, wani sinadari ne da ake kira lignan, wanda babu wani abincin da aka saba ci da ya kai kattan yawansa. Idan mutum ya ci, bakteriyar da ke cikin hanjinsa ce ke sarrafa lignan ɗin ta mayar da shi wasu sinadarai biyu, enterodiyol da enterolakton, waɗanda ke da ɗan tasiri a kan yadda sinadaran jinsi ke aiki a jiki. Tun da yake sankarar furostet tana dogara ne da sinadarin namiji wajen girma, ba abin mamaki ba ne da masana suka yi tunanin a gwada. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye da kuma ƙwayoyin kansa da aka rena a ɗakin bincike sun ba da ƙwarin gwiwa, sai dai magunguna da yawa sun yi nasara a jikin ɓera sannan suka kasa a jikin mutum.

Binciken da ya fi kowane nauyi a wannan fage shi ne wanda Wendy Demark-Wahnefried ta jagoranta lokacin tana Jami'ar Duke a Amurka, wanda aka wallafa a 2008. An ɗauki maza 161 da aka riga aka tabbatar suna da sankarar furostet kuma aka sa musu ranar tiyatar cire shi, aka raba su gida 4 ta hanyar ƙuri'a. Gida na farko suka ci gaba da cin abincinsu yadda suka saba, na biyu aka ƙara musu giram 30 na garin kattan a kowace rana, na uku aka rage musu maiƙo a abinci, na huɗu kuma aka haɗa musu garin kattan da rage maiƙon. Suka yi kimanin kwana 30 a haka kafin tiyata. Bayan an cire furostet ɗin, sai aka duba naman a ƙarƙashin madubin likita, aka auna wata alama da ake kira Ki-67, wadda ke nuna yawan ƙwayoyin kansar da ke cikin rarrabuwa. A wajen waɗanda ba a canza wa abinci ba an sami 3.23 cikin ɗari, a wajen masu cin kattan kaɗai 1.66, a wajen waɗanda suka haɗa da rage maiƙo kuma 1.50. Wannan sakamako ne na gaske, kuma shi ne tushen duk wani tallan da ake yi a yau, ko da masu tallan ba su taɓa jin labarinsa ba.

Amma a lura da abin da binciken bai nuna ba, domin a nan ne ake yi wa mai saye rufa-rufa. Babu mutum ɗaya daga cikin waɗannan maza da kansarsa ta ɓace, kuma kattan bai ɗauke musu buƙatar tiyatar da aka tsara tun farko ba. Ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin gidajen ba a ma'aunin PSA na jininsu, wato wani sinadari da furostet ke fitarwa wanda ake aunawa don neman alamar cutar. Ba a kuma bi su shekaru don a ga ko masu cin kattan sun fi sauran tsawon rai ko jinkirin dawowar cutar ba, domin ba a tsara aikin don amsa wannan tambaya ba. Wata guda kawai aka yi, alama ɗaya aka gani ta sauka, a jikin mutanen da cutarsu ba ta riga ta bazu ba. Ni a ganina wannan ya isa dalilin da zai sa namiji mai shekaru ya sa kattan cikin abincinsa, amma ko kusa bai isa dalilin da zai sa a kira shi magani ba.

Yanzu sai a ɗauko babbar kwalbar a karanta abin da ke jikinta. An rubuta cewa kowane kafso yana ɗauke da miligiram 1,000 na man kattan, a sha ɗaya ko biyu a rana. Mutanen da aka gwada a Amurka garin 'ya'yan gaba ɗaya suka ci, har giram 30, kwatankwacin cokali 3 na cin abinci a cike, alhali kafso biyu giram 2 ne kacal. Ko da nauyin ya zo ɗaya ma, matsalar ba ta kau ba, domin lignan ba ya bin mai. Duk wadda ta taɓa matse gyaɗa ta san mai daban tunkuza daban, kuma a kattan lignan ɗin cikin tunkuzar yake zama, sai dai idan kamfani ya sake zuba shi cikin man da gangan ya kuma rubuta hakan a jikin kwalba. Wannan kwalba ba ta rubuta ba. Saboda haka mutumin da ya biya wannan kuɗi don furostet ya sayi ɓangaren kattan da aka raba da sinadarin da ake zancensa. Akwai ma wani ƙarin abin dubawa, wato wasu tsofaffin bincike da suka bi diddigin abincin dubban maza a Amurka sun taɓa alaƙanta yawan cin ALA da nau'in sankarar furostet mai tsanani, ko da yake waɗanda suka biyo baya ba su haɗu a kan hakan ba. Ban kawo wannan don in tsorata kowa ba, sai don in nuna cewa a cikin ukun, man shi ne mafi raunin hujja ga mai wannan lalura, kuma shi ne aka fi turawa gaba.

Ƙaramar kwalbar ta fi kusa da batun, tun da lignan ɗin ne aka tace aka zuba, sai dai hujjar da ke bayanta ta wata cuta ce daban. A 2008 an wallafa wani ƙaramin gwaji da aka yi a ƙasar Sin a kan maza 87 masu kumburin furostet na tsufa, inda aka ba wasunsu miligiram 300 ko 600 na tataccen lignan a kullum har wata 4, kuma suka ba da rahoton sauƙi wajen fitsari fiye da waɗanda aka ba kafson da ba komai a ciki. Kumburin tsufa ba kansa ba ne. Yana samun maza da yawa idan shekaru suka ja, shi ne ke kawo fitsari a tsittsinke, da tashi cikin dare, da jin kamar mafitsara ba ta zazzage ba. Ita kuwa kansa a farkonta sau da yawa ba ta nuna alamar komai, kuma mutum ɗaya zai iya ɗauke da su biyun a lokaci guda. A nan ne nake ganin haɗarin wannan haja ya fi girma, domin dattijon da ya sha kafso ya ji fitsarinsa ya ɗan saki zai ɗauka ya warke, ya fasa zuwa gwaji, alhali abin da ya fi kamata a gano yana nan yana tafiya a hankali zuwa ƙashin baya da ƙugu, inda wannan cuta ta fi son yaɗuwa. Ƙari a kan haka, kwalbar da na duba ba ta faɗi adadin lignan da ke cikin kowane kafso ba, ta dai rubuta nauyin garin gaba ɗaya, don haka babu yadda mai saye zai kwatanta ta da abin da aka ba mutanen Sin.

Na duba lambar NAFDAC a jikin duka biyun. Babbar tana da ita, ƙaramar kuwa ban ga komai ba sai adireshin wani kamfani na ƙasar waje. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan lamba a matsayin shaidar cewa magani yana aiki, alhali ga kayan ganye da na ƙarin abinci, abin da matakin farko na rajistar ke nufi shi ne an duba ba a ga abin cutarwa ba, shi ya sa ake tilasta wa masu su rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da suke yi ba. Dokar abinci da magunguna ta Nijeriya ma ta hana a tallata wa jama'a wani abu a matsayin maganin kansa. Kwalaben ba su karya wannan doka a rubuce ba, domin kalmomin jikinsu a tsare suke, iyakarsu su ce suna tallafa wa lafiyar maza. Da baki ake karya ta.

Yaron kantin, wanda ba na zaton ya kai shekara 20, ya ce mini da cikakken yaƙini: "Yallaɓai, wannan narkar da kansar yake yi gaba ɗaya, ko an ce za a yi wa mutum aiki, idan ya sha kwalba uku ba sai an yi ba." Da mai kantin ya fito daga ciki sai na maimaita masa maganar, na ce, "Malam, haka kuke gaya wa masu saye?" Bai ji daɗi ba, ya kuma tsawata wa yaron a gabana, ya ce shi abin da ya sani kattan yana taimaka wa ciki da fitsari, waraka kuma ta Allah ce, kuma duk wanda ya zo masa da jini a fitsari ko fitsarin ya tsaya cak asibiti yake tura shi. Na yarda da gaskiyarsa, kuma wannan ya ɗaga darajarsa a idona. Sai dai mafi yawan lokaci yaron ne ke tsaye a bakin kanta, kuma jiran sai jini ya fito ko fitsari ya tsaya kafin a tura mutum asibiti jira ne mai tsada ƙwarai a wannan cuta.

Sankarar furostet ita ce kansar da ta fi kama maza a Nijeriya, kuma baƙar fata sun fi sauran jinsuna haɗarin kamuwa da ita da wuri da kuma mutuwa ta dalilinta. Abin da likitocinmu suka daɗe suna kuka da shi shi ne marasa lafiya ba sa zuwa sai ta riga ta bazu, bayan an gama zagayen maganin sanyi da na basir. Alhali matakin farko ba mai wahala ba ne. Gwajin jini ne na PSA, wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, da ɗakunan gwaji masu zaman kansu, sannan likita ya duba furostet ɗin da yatsa ta dubura, wanda shi ne abin da dattawa da yawa ke gudu saboda kunya ko da yake bai wuce minti ɗaya ba. Hawan PSA kaɗai ba ya nufin kansa, domin kumburin tsufa da ciwon sanyin mafitsara ma suna ɗaga shi, shi ya sa idan likita ya yi zargi sai an ɗebi ɗan nama an auna kafin a tabbatar. Ƙungiyar yaƙi da kansa ta Amurka tana ba baƙar fata shawarar su fara tattauna wannan gwaji da likita tun suna shekara 45, waɗanda kuma cutar ta kama 'yan'uwansu na jini fiye da ɗaya da wuri su fara tun 40.

Idan aka gano ta tana cikin furostet ba ta fita ba, tiyata ko gashi da na'ura suna iya kawar da ita, wani lokaci ma idan mai tafiyar hawainiya ce sa ido kawai ake yi. Idan ta bazu, ana rage sinadarin namiji a jiki, hanyar da Charles Huggins ya gano amfaninta a 1941 har ta kai shi ga lambar Nobel a 1966, kuma har gobe ita ce ginshiƙin jinyar, ko ta allura irin su Zoladex, ko ta ƙwayoyi, ko ta ƙaramar tiyata a maraina. Na san dalilin da ke sa maza su gwammace kafso, domin waɗannan hanyoyi suna da tsada kuma suna iya taɓa ƙarfin namiji, abin da ba kowane magidanci ne zai iya furtawa a gaban 'ya'yansa ba. Tsoro ne mai tushe, bai kamata a yi masa dariya ba, amma da likitan mafitsara ya kamata a zauna a warware shi, ba da yaron kanti ba.

Abin da na saya a ƙarshe 'ya'yan kattan ne daga bokitin nan, kuma a kansu ne kantin ya cancanci yabo ba tare da togaciya ba. A tsabtace suke, babu tsakuwa ko ƙaiƙayi, babu warin daɗewa, kuma murfin bokitin yana rufuwa ruf. Na ce wa Baffa, "Ku ɗauke shi abinci ne kamar zogale, amma gwajin nan sai kun yi," ya kuma amince bayan 'yar gardama. Sakamakon ya nuna kumburin tsufa ne, likita ya ɗora shi a kan maganinsa, ya kuma ce ba shi da ja a kan kattan muddin ba a bar maganin ba. Ɗanɗanonsa ba ya da ƙarfi, yana shiga kunu da koko da fura da nono ba tare da ya ɓata su ba, sai dai idan ya jima a cikin ruwa yana yin yauƙi, don haka gara a zuba a sha nan take. Dole ne a niƙa shi, domin ɓawonsa yana da tauri, kuma wanda aka haɗiye a ɗunƙule yawanci haka yake fita. Kantin yana sayar da niƙaƙƙe a ƙulle cikin leda, amma ban ba da shawarar a saye shi ba, saboda ba a rubuta ranar da aka niƙa ba, kuma garin yana saurin yin ɗaci da zarar iska ta shige shi. Tun da wutar lantarkinmu ba ta da tabbas balle a dogara da firiji, abin da ya fi shi ne a riƙa niƙa na 'yan kwanaki kaɗan a turmi ko na'urar markaɗe, a zuba a kwalba mai murfi a ajiye a inuwa.

A fara da cokali ɗaya a rana kafin a ƙara, domin wanda ya fara da cokali 3 kai tsaye zai sha kumburin ciki da yawan iska, kuma a riƙa bin sa da ruwa mai yawa, in ba haka ba harzar da ake so ta saki hanji ita ce za ta toshe shi. A bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsa da magungunan asibiti, saboda yana iya rage yadda hanji ke tsotse su. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, da mai shan maganin ciwon suga ko na hawan jini, da wanda aka sa wa ranar tiyata, kowannensu ya gaya wa likitansa kafin ya fara, domin kattan yana iya ƙara wa waɗannan magunguna ƙarfi fiye da yadda aka auna masa.